Uwar da Teku Ta Kawo wa Na'ibi

Duk wanda ya zauna a unguwar Takari ta kudancin Jidda bayan an rushe ganuwar gari, in ya ce bai san Na'ibi Sarkin Ruwa ba, to bai cika fita waje ba ne. Ba wanda ya naɗa shi wannan sarauta. Matan unguwa ne suka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya kai in an kira shi Na'ibi zalla sai ya yi kamar iska ce ta wuce.

A Jidda aka haife shi. Ubansa, Malam Usuman, Bakano ne da ya tako ƙasa da ƙafa har bakin Bahar Maliya, ya ƙetare, ya sauke farali, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya ɗan sayar da ruwa a garwa kafin ya koma. Yana cikin ɗan sayar da ruwan ya yi aure, ya haihu, ya binne matar, ya tsufa, shi ma aka binne shi. Abin da ya bar wa Na'ibi bai wuce labaran Kano ba, da wata Hausa da Larabci ya riga ya cinye mata gefe.

Tun yana saurayi Na'ibi ya shiga aikin sambuk, wato jiragen katakon nan masu tafiya da iska. A zamanin manyan jiragen alhazai ba sa iya matsowa gaɓa saboda duwatsun da ke kwance ƙarƙashin ruwa, sai su tsaya can nesa, 'yan sambuk su je su kwaso mutane da kayansu. Sana'a ce mai kyau, har ranar da aka gina wa jirage gada suka riƙa zuwa da kansu suna sauke alhazai a busasshiyar ƙasa. Aka wayi gari ga ƙarti sun san kowane dutse na tekun nan kamar haƙoran bakinsu, amma ba abin yi sai zaman gahawa da gardama.

Daga cikinsu ne hukuma ta tsinci wasu ta haɗa 'yar rundunar da mutanen gari ke kira askarawan bahar. Ba soja ba ne sosai, ba kuma farar hula ba, suna nan tsakani kamar jemage. Kowa yana riƙe da 'yar sana'arsa, sai an busa ƙaho ya ajiye ya zo. Aikinsu su zaga bakin gaɓa, su janyo jirgin da ya hau dutse, su tsamo wanda ya faɗa ruwa, su kori masu fasa-ƙwaurin taba, su kuma tare jiragen da ke satar shigo da mutane daga gefen Sudan ba takarda. In babban baƙo zai sauka a jera su a bakin mina, wato tashar jiragen ruwa, su yi fareti, abin da bai taɓa yin kyau ba ko sau ɗaya, don mutumin da ya girma a kan jirgi ko a ƙasa ma tangaɗi yake yi. Jirgi ɗaya gare su mai inji, wanda yake tashi in ya ga dama. Bindiga ma ɗaya ce, tana kulle a akwatin shugabansu, Reyyis Abdulghani, wani dattijo mai tumbi da gajeren haƙuri. Sauran kowa aka ba shi kaki, da hula, da usur.

To, wannan kakin shi ne ran Na'ibi. Matarsa Mastura ta sha wuya a kansa: ta wanke, ta tsoma a ruwan shinkafa don ya yi ƙarfi, ta goge da dutsen guga na gawayi har karin wandon ya kusa yanka hannu. In ya saka, hanyar da ta fi kusa da bakin teku ba ta yi masa, sai ya zaga ta cikin kasuwa, yana tafe yana duban gefe ko an gan shi.

Mastura, mai kiransa da sunan ɗansu irin na Larabawa, takan ce, "Abu Saleh, wai yau ma yaƙin ne, ko kuwa kifin Reyyis za ku kamo?"

Yakan ce, "Ke dai ba ki san sirrin daula ba."

A yi masa dariya, amma a yi masa adalci. In yana cikin farar riga, ɗan Balarabe da bai kai ƙugunsa ba sai ya ce masa "ya Takruni, zo nan." In yana cikin kaki kuwa, uban yaron ne zai ce "ya askari, bismillah, ga shayi." Can cikin unguwa ma ba dama. Tsofaffin da suka zo daga gida in ya buɗe baki sai su ƙyafta wa juna ido, su ce Hausar 'yan Makka ce, a bar shi. Suna wasanninsu na ƙabila a tsakaninsu, Bafillace ya tsokani Babarbare, Bakatsine ya tsokani Banufe, amma ba wanda ya taɓa jefo masa ko ɗaya, don a ganinsu ɗan da aka haifa a Jidda ba ɗan ko'ina ba ne. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Shi a zuciyarsa, ranar da aka tuɓe masa kakin nan, ba sauran wani Na'ibi.

Ga shi kuma kakin yana rawa. Shekara da shekaru Na'ibi bai taɓa kama ko ɓarawon kifi ba, kuma Reyyis ya fara jefa magana cewa za a rage mutane, a bar masu amfani. Na'ibi ya shiga roƙon Allah ya kawo masa masu laifi, ko 'yan kaɗan ne.

Wata safiya gab da aikin hajji Allah ya amsa. Masunta suka kawo labari wani sambuk ya hau dutse kudu da gari. Inji ya ga dama ya tashi, aka tafi. Suna isa suka tarar masu jirgin tuni sun yi iyo sun gudu, sun bar fasinjoji cunkushe, ruwa na shigowa ta ƙasa. Wato dai jirgin da Allah ya riga ya kama suka je kamawa. Duk da haka Na'ibi ya tsaya a goshin jirginsu yana busa usur iya ƙarfinsa, yana umartar mutanen da ba su da wurin gudu da kada kowa ya gudu.

Aka kwaso su aka zube a filin da ke gaban ofishin rundunar. Yawancinsu mutanen ƙasar Hausa ne da suka daɗe a Sudan suna neman hanyar ƙetarowa, don haka Na'ibi ya zama tafinta, ya kuma zama babban mutum. Reyyis yana da tsarinsa a irin wannan rana. Sai ya aika cikin gari: duk mazaunin da ke da ɗan'uwa a cikinsu, kuma zai tsaya masa, a ba shi nasa ya tafi da shi. Wanda ba shi da kowa, jirgin da zai koma Sudan ya koma da shi. Yana kuma da doka a kan yaransa, wadda yake maimaitawa har an gaji da ji: askarin da aka samu ɗan'uwansa na jini a jirgin 'yan fasa-ƙwauri, to da saninsa aka zo, ya ajiye kaki.

Kafin la'asar fili ya yi sauƙi. Masu dangi an zo an ɗebe su, marasa dangi an tara su a inuwar bango. Sai wata tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar rana, zaune a kan ƙunshinta, rungume da buta, ta ƙi matsawa ko nan da can. Na'ibi ya gyara hula ya nufe ta.

"Yalla, ya Hajja, tashi. Gaya mini isiminki."

Ta ɗaga kai ta dube shi tun daga takalmi har hula. "Isi me? Kai ɗan nan, Hausar ce ka tauna haka ka tofar? Wane gari ne ya yi asararka?"

Ya buɗe ƙirji. "Ni ɗan Jidda ne. Amma ubana Bakano ne, Kano ta Dabo."

Tsohuwa ta ajiye buta ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Ni Barakatu 'yar Zazzau, na keto daji na keto teku, ashe bawana na nan ya zo tarona har da usur!"

Na'ibi ya waiga hagu da dama. "Inna, rufa mini asiri. A garin nan ba a wasa da wannan kalma. Akwai waɗanda ake kira haka, kuma ba da wasa ba."

Ta dube shi, ta gane da gaske yake. "To, na janye wannan. Amma sauran suna nan, ba ka tsira ba. Ɗauki kayana, Bakano, ka kuma riƙe da kyau, don na san ku, kafin in ƙifta ido kun kai kasuwa."

Ya sunkuya zai ɗaga ƙunshin don ya kai ta inuwar bango. Sunkuyawar da zai yi, sai ya ji iska a tsakar kansa. Barakatu ta fizge hular hukuma ta ɗora a kan ɗankwalinta, ta karkata ta gefe, ta ci gaba da zamanta.

Hannunsa ya tafi zai ƙwace, ya tsaya a hanya. Malam Usuman ya sha gaya masa: Bazazzage abokin wasan Bakano ne tun kaka da kakanni. Ko ya zage ka tas, ko ya ɗauke maka abu a bainar jama'a, ba fushi, ba ƙarfi, sai lallashi. Wanda ya ɗaga wa abokin wasa hannu ya zubar da girman gidansu. Na'ibi ya daɗe da sanin dokar, wanda zai yi ta da shi ne bai taɓa samu ba. Yau ga wata ta dube shi sau ɗaya ta sa shi a layin Kanawa, ba ta ce ɗan Makka ba, ba ta ce Takruni ba. Kunya ta kama shi, ga abokan aiki sun fara taruwa suna dariya, amma can ƙasan kunyar wani daɗi yake ji wanda bai taɓa ji ba, har ya rasa yadda zai yi da fuskarsa.

"Inna, don Allah, hular ta daula ce."

"Daula ta zo ta karɓa. Kai ubanka bai gaya maka ba, ba a karɓar abu a hannun Bazazzagiya sai da ladabi? Durƙusa."

Ya durƙusa, karin wando ya karye a gwiwa. Tana zaginsa tana ba shi labari, duk a numfashi ɗaya. Da mijinta suka fito, ta binne shi a Sudan. Ta tsinci auduga a gonakin mutane har yatsunta suka daina lanƙwasuwa, kafin ta samu abin shiga jirgin da ya watsar da su a kan dutse. Ta nuna inuwar bango da haɓa. "Can za ka kai ni, ko? Na ji abin da ake yi da na can. Ɗan Kano, in suka mai da ni, ba ni da sauran ƙafar da zan sake zuwa. Ga Makka ana cewa tana bayan duwatsun can." Ta share ido da gefen mayafi, ta kuma ce kunnuwansa sun yi kama da na jakin Kano.

Ana haka Reyyis Abdulghani ya fito daga ofis. Abin da ya gani shi ne askarinsa durƙushe a ƙasa, kai ba hula, wata tsohuwa sanye da hular hukuma tana nuna shi da yatsa.

"Na'ibi! Esh hada? Karɓi hularka!"

"Ba zan iya ba, ya Reyyis."

Barakatu ta dubi Reyyis ta ce da Hausa, "Wannan mai tumbin ne ubangidan naka? Shi ya sa ka rame, shi yake cinye rabonka."

"Me take cewa?"

"Tana gaishe ka, ya Reyyis. Ta ce Allah ya ƙara lafiya."

Reyyis ya tsaya yana shafa gemu. Shi bai san Kano ba, bai san Zazzau ba, balle abin da ke tsakaninsu. Amma ya san duniya daidai gwargwado, kuma a saninsa mace ɗaya ce tak take yi wa namiji mai gashin baki haka a gaban mutane ya sunkuyar da kai. Fuskarsa ta sauya. Ya rage murya ya ce, "Ya Na'ibi, ummak? Uwarka ce? Ka san dokata. Yi tunani kafin ka ba ni amsa."

Na'ibi ya yi tunanin. In ya ce zai bayyana wa Reyyis wasan Kanawa da Zazzagawa, rana za ta faɗi bai gama ba, kuma ƙarshenta dai tsohuwa inuwar bango za ta. In ya ce a'a, gaskiya ya faɗa, kakinsa na nan, har ma yau ya shiga sahun masu amfani. Ya dubi wandonsa. Ya dubi ƙafafun Barakatu, duk sun tsattsage, gishirin teku ya bushe fari a cikin faso. Ita kuwa ba ta san me ake cewa ba, tana ta gyara zaman hula.

"Na'am, ya Reyyis. Ummi ce."

Da a ce korar kawai aka yi masa, da da sauƙi. Reyyis ya ɗaga murya yadda har masunta suka ji. "Eb alek! Abin kunya! Kana yawo a kasuwa da wando mai kari, uwarka tana tsintar auduga a Sudan? Kai wane irin ɗa ne? Da ni ne ita, ba hula kaɗai zan cire maka ba!" Bai ko tsaya tambayar yadda aka yi uwar ɗan Jidda ta ɓullo daga ƙetaren teku ba, don a wurinsa Takari duk daga can suke. Ya juya ga Barakatu ya sa hannu a ƙirji, ya kira ta ya ummi, ya roƙi hular da ladabi. Ta cire ta miƙa masa, ta ce dama ba ta yi mata ba, warin kifi take.

Halas. Na'ibi ya shiga ofis ya tuɓe kaki, ya linke shi da kansa, ya ajiye usur a kai. Wani masunci ya ara masa zane ya ɗaura a kan singileti. Ya ɗora ƙunshin tsohuwa a ka, suka kama hanya, kuma ranar ce ya fara sanin akwai lungunan da ke kai mutum gida ba tare da an bi ta kasuwa ba.

Suna tafe ta ce, "Kai, ina kayan naka? Ko har ka sayar?"

Ya gaya mata, cikin fushi, rabi da Hausa rabi da Larabci. Barakatu ta tsaya cik a tsakiyar lungu. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ja hanci ta ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, Bakano ya yi cinikin asara."

Mastura na tsakar gida suka shiga. Ta dubi zanen, ta dubi singiletin. "Abu Saleh, ina kakin?"

"Na musanya."

"Da me?"

Ya nuna bayansa. Mastura ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce ita dai ta huta da guga. Da ta gama ta tashi ta ɗebo ruwa a kwano, ta durƙusa ta wanke wa tsohuwa ƙafafu.

Shekarar nan Na'ibi ya kai Barakatu Makka ta sauke farali. A Arfa ma ba ta ƙyale shi ba, ta ce ya matsa kusa da ita ko Allah ya duba shi albarkacin Zazzagawa. Da aka gama ba ta yi zancen komawa ba, shi ma bai tayar ba. Bayan 'yan shekaru aka narkar da askarawan bahar cikin babbar runduna mai jirage masu gudu da samari 'yan makaranta. Abokan aikinsa da suka daure suka samu igiya a hannun riga, wani har ya gina gida a unguwar Sharafiyya. Na'ibi kuwa ya koma tallan kifi a bakin mina, in ya hango su cikin sabon kaki sai ya shiga gyaran kifin da ya riga ya gyara. Sarautar dai ba ta bar shi ba, sai ma da ya rasa ruwan aka fi kiransa Sarkin Ruwa.

Barakatu ta zauna gidansa ta raini 'ya'yansa, ta gyara musu Hausa, ta kuma zage shi safe da yamma ba fashi. Shi ko sau ɗaya bai taɓa ramawa ba. Ba don ladabi kaɗai ba: kafin ya harhaɗa amsa da Hausarsa ta riga ta wuce zagi na gaba, sai can a bakin mina amsar take zo masa, ba mai ji sai kifi.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, wata la'asar ta sa Mastura ta kira shi. Ya shigo da warin kifinsa ya zauna a bakin tabarma. Ta kama hannunsa ta ce, "Na'ibi ɗana." Hankalinsa ya tashi, don bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Tambayarka zan yi, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ka yi da-na-sanin ranar nan?"

Mastura ta yi masa ido ya faɗi magana mai daɗi. Na'ibi ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya ji wata magana ta zo masa a kan lokaci, karo na farko a rayuwarsa.

"Kullum, Inna. An cuce ni. Kaki na bayar mai kari, aka ba ni tsohuwar Bazazzagiya ba haƙori, mai cin tuwon mutum biyu, ga shi ko a kasuwar Kurmi ba mai taya ta."

Mastura ta dafe ƙirji. Barakatu kuwa ta fashe da dariya, tana yi tana tari, har sai da aka ɗaga ta aka ba ta ruwa. Da numfashinta ya dawo ta matse hannunsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Madalla. Yau ka zama Bakano. In na je zan gaya wa ubanka."

Na'ibi ya ce zai je ya duba kifinsa kada kuliyoyi su taɓa. Ya fita bayan gida, inda ba kifi ba kuliya, ya jingina da bango ya yi kuka har aka kira magariba.